Ƙarfi biyu, kusurwa 60°: tarawa ake yi ko debewa?

Ummi_SS2: Assalamu alaikum malamai da yayyena na wannan zaure. Don Allah a taimaka min, jarrabawar ƙarshen zango ta matso. An ba mu aikin gida a fiziks: ƙarfi biyu, ɗaya 8 N ɗaya 6 N (N ɗin newton ne, ma'aunin ƙarfi), suna jan abu guda, kusurwar da ke tsakaninsu 60°, a nemo rizoltan ɗinsu, wato ƙarfi guda da zai yi aikin su biyun a haɗe. Na bi dokar kosain yadda malamin lissafi ya koya mana, R² = 8² + 6² − 2(8)(6) cos 60°, na samu 7.2 N. A bayan littafi kuma 12.2 N aka rubuta. Ƙawata ta ce wai a fiziks tarawa ake yi. To ta yaya doka ɗaya za ta zo da debewa a ajin lissafi, ta koma tarawa a ajin fiziks? Cikin malaman nan biyu waye mai gaskiya?

Sadiq_Tudunwada: Wa alaikumus salam. Ƙawarki ce da gaskiya. Ki haddace wannan kawai: R² = P² + Q² + 2PQ cos θ, P da Q su ne ƙarfin biyu, θ kusurwar da ke tsakaninsu. Wato 64 + 36 + 48 = 148, kuma √148 shi ne 12.2. Shi ke nan, kada ki wahalar da kanki.

Abbati99: 8 da 6 ai 14 ne jama'a, meye na dogon lissafi?

Malam_Habu: Abbati, da a ce duka biyun wuri ɗaya suka dosa da amsarka ta yi. Ummi, malaman naki babu wanda ya faɗa miki ƙarya, kusurwar da suke magana a kai ce ba ɗaya ba.

Ɗauko takarda. Zana kibiyar 8 N a kwance tana kallon dama. Daga gindinta zana ta 6 N ta ɗaga sama da 60°. Haka tambayar ta zo, gindi da gindi. Amma a wannan zanen babu alwatika tukuna, dokar kosain kuwa cikin alwatika take aiki. Sai ki ɗauke kibiyar 6 N ba tare da kin karkata ta ba, ki ɗora gindinta a kan tsinin ta 8 N. Layin da ya tashi daga inda kika fara zuwa tsinin ƙarshe, shi ne rizoltan. Yanzu dubi kusurwar da ke cikin alwatikan, tsakanin gefen 8 da gefen 6. Ba 60° ba ce, 180° − 60° ce, wato 120°. Ita za ki ba dokar malamin lissafi. Cos 120° kuwa −0.5 ne, debewa ta haɗu da debewa ta zama tarawa, sai ki samu 100 + 48 = 148.

Mai littafin fiziks ya riga ya yi miki wannan matakin ne tun da farko, ya naɗe shi cikin alamar tarawa. Ke kuma kin ɗauki kusurwar fiziks kin saka a dokar lissafi.

Zee_Funtua: Wallahi Malam da haka aka yi mana bayani a aji da ban tsani wannan babin ba. Allah ya saka da alheri.

Injiniya_MB: Bari in ƙara wa Malam Habu abu ɗaya, domin shi ne zai cece ki ranar da kika manta doka a ɗakin jarrabawa. Kafin ki taɓa kalkuleta, ki san iyakokin amsar. Idan ƙarfin nan biyu suka dosa wuri ɗaya, 14 N ne. Idan suka ba juna baya, 2 N ne. Idan kusurwar 90° ce, Faisagoras ya ba ki 10 N. Duk yadda kusurwa ke buɗewa, rizoltan raguwa yake yi. To 60° tana tsakanin 0° da 90°, dole amsarki ta faɗo tsakanin 14 da 10. Da kika ga 7.2 ya kamata jikinki ya ba ki cewa akwai matsala. Ita 7.2 ɗin ma amsa ce ta gaskiya, amma ta tambayar da kusurwarta 120° ce.

Nura_Kalkuleta: Ni na bi dokar Sadiq harafi da harafi, 2.9 na samu. Anya littafin nan ba shi da kuskure?

Malama_Rabi: Nura, dubi saman allon kalkuletarka. Na tabbata R ko RAD za ka gani, ba D ba. Tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, shi ya sa ta ba ka cos 60 a matsayin −0.95. Mayar da ita kan digiri. Duk ɗalibina ya san abin da nake sa shi yi kafin ya fara: ya danna cos 60, in bai ga 0.5 ba kada ya ci gaba.

Nura_Kalkuleta: Kai! RAD ɗin ce kuwa. Ƙanena ne ya ari abar jiya.

Malama_Rabi: Tunda na shigo, bari in faɗi nawa ra'ayin, Malam Habu ya yi min afuwa. Bayaninsa daidai ne, amma ni ba na son yara su dogara da wannan dokar kwata-kwata. Ƙarfi biyu kaɗai take ɗauka. Ranar da aka kawo uku ko huɗu, sai ka ga yaro ya zuba wa takarda ido. Hanyar da nake koyarwa ita ce a tsaga kowane ƙarfi gida biyu, kason kwance da kason tsaye.

Ga tambayar Ummi. 8 N a kwance take gaba ɗaya, ba ta da kason tsaye. 6 N kuma kason kwancenta 6 cos 60° = 3 N, na tsayenta 6 sin 60° = 5.2 N. A tara na kwance: 8 + 3 = 11. Na tsaye: 5.2. Tunda kwance da tsaye 90° ke tsakaninsu, sai Faisagoras: 121 + 27 = 148. Ga 12.2 ɗin ta sake fitowa, babu wanda ya tsaya tunanin tarawa ko debewa.

Malam_Habu: Babu laifi Malama, ni ma hanyar da nake ƙarewa da ita ke nan. Sai dai ban yarda a tsallake zanen faralelogiram ba. Yaron da aka fara masa da tsagawa yakan iya fitar da lamba daidai alhali bai san me rizoltan yake nufi ba. Ka ce ya nuna maka shi a zane sai ya rasa. Kuma manhajar WAEC ta ƙunshi dokar faralelogiram da ta alwatika, ana iya cewa ya faɗi dokar da kalmomi.

Sadiq_Tudunwada: Malamai ku yi haƙuri, amma ku kuna maganar fahimta ne, mu kuma JAMB ke gabanmu. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace in ka raba daidai. Wa ke da lokacin zana kibiya? Doka a ka, cos 30, 45 da 60 a ka, ka danna ka wuce.

Injiniya_MB: Sadiq ƙanena, ai saboda ƙarancin lokacin ne ma abin da na faɗa a sama ya fi maka amfani. A tambayar zaɓi sau da yawa iyakoki kaɗai sun isa su kashe amsa biyu ko uku. Kuma akwai waɗanda ake yawan maimaitawa: ƙarfi biyu masu girma ɗaya, kusurwa 120°, rizoltan daidai yake da ɗaya daga cikinsu. 3 da 4 a 90° sai 5, haka 5 da 12 sai 13. Wanda ya taɓa zana su da hannunsa ba ya mantawa.

Issoufou_Damagaram: Sannunku 'yan'uwa. Ina karantawa daga Zinder. Mu a nan da Faransanci muka yi karatun, kuma bekta, wato abin da ke da girma da alkibla, tun a darasin lissafi ake fara mana ita, kibiya kan kibiya, gindin ta biyu a tsinin ta farko, abin da muke kira dangantakar Shal. Saboda haka lokacin da muka iso kan ƙarfi a fiziks zanen da Malam Habu ya kwatanta ba baƙo ba ne a gare mu. Ina ganin matsalar Ummi daga nan take: malamin lissafi da na fiziks ba su zauna sun daidaita abin da suke koyarwa ba. Af, mu 12,2 muke rubutawa da waƙafi, kada wani ya ce na yi kuskure in na kawo amsa.

Dan_Yauri: Ni abin da ya sa na gane wannan darasin kwale-kwale ne. Duk wanda ya taɓa haye kogin Neja lokacin da ruwa ya cika ya san mai fito ba ya nufar inda zai sauka kai tsaye, sama yake karkata hancin jirgi. A ce yana tuƙi da mita 4 a daƙiƙa, ruwa na gangarawa da mita 3 a daƙiƙa. In ya miƙe tsallake kai tsaye, gudunsa na gaskiya 5 ne, a karkace. In faɗin wurin mita 120 ne zai haye cikin daƙiƙa 30, amma ruwa ya riga ya gangara da shi mita 90.

Hafsat_ABU: Yaya Dan Yauri lissafinka daidai ne, amma a kiyaye: wannan haɗa gudu ne, ba haɗa ƙarfi ba. Dokar ɗaya ce don duka biyun bekta ne, suna da girma suna da alkibla. Sai dai kada Ummi ta je ta rubuta N a inda ake son m/s.

Dan_Yauri: Na yarda ƙanwata. Ni dai na san masu fito sun iya abin tun kafin a buɗe makarantar boko a garinmu.

Baba_Makaniki: Ni ban wuce aji uku na sakandare ba, amma ina da tambaya ga Injiniya. Idan mota ta kafe a taɓo kuma babu wadda za ta ja ta, mukan ɗaura igiya mai ƙwari daga motar zuwa gindin bishiya, mu ɗame ta sosai, sannan mutum ɗaya ko biyu su kama tsakiyar igiyar su ja ta gefe. Sai ka ga motar da mutum biyar suka kasa turawa ta motsa. Wannan ma yana cikin karatun naku?

Injiniya_MB: Baba, ai kai ka kawo tambayar da ta fi ta littafin. Yana ciki tsundum. Lokacin da kuka ja tsakiyar igiyar gefe, ɓangarorinta biyu suna ja ne kusan baya da baya, ɗaya wajen mota ɗaya wajen bishiya. Kusurwar da ke tsakaninsu ta kusa 180°, don haka rizoltan ɗinsu ɗan kaɗan ne ko da kowannensu ƙato ne. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi kaɗai hannunku yake fuskanta.

Da lamba: a ce ka ja da 400 N, igiyar ta kauce daga miƙewa da 5° a kowane ɓangare. Jan da ke cikin igiyar shi ne 400 a raba da 2 sin 5°, kusan 2,300 N. Ya ninka naka fiye da sau biyar, kuma shi ne motar take ji. Amma da zarar igiyar ta lanƙwasa ta kai 30°, ribar ta ƙare, 400 ɗinka kawai motar za ta ji. Shi ya sa in motar ta ɗan matsa sai ku sa dutse a taya, ku sake ɗame igiyar, ku sake ja.

Baba_Makaniki: Haka muke yi kuwa! Allah ya yi maka albarka. Kuma a gaya wa yara kada kowa ya tsaya a saitin igiyar, in ta tsinke ba ta da kirki.

Zee_Funtua: Wato shi ya sa igiyar shanya in an ɗame ta ƙwarai aka ɗora jiƙaƙƙen bargo take tsinkewa ko ta ciro ƙusa?

Injiniya_MB: Shi ne. Igiyar da ta ɗan yi ciki ta fi daɗewa. Wayoyin wutar lantarki ma ba don kasala ake barin su da ciki tsakanin fal da fal ba, ko da yake su akwai kuma batun miƙewa da tsukewar ƙarfe saboda zafi da sanyi.

Tarihi_Madubi: Ga masu son sanin asali: wani ɗan garin Buruj, a ƙasar Beljiyam ta yau, Simon Stevin, shi ne a 1586 ya nuna yadda ƙarfi ke daidaita a kan gangare, da zanen wata sarƙar ƙwallaye 14 da aka rataya a kan alwatika. Daga baya Isaac Newton ya kawo dokar faralelogiram a 1687, dab da bayan dokokinsa uku na motsi. Sunansa ne N ɗin da kuke ta rubutawa.

Abbati99: Wannan yana fitowa a NECO? In ba ya fitowa a bar mu mu ji da wanda ke fitowa.

Direba_Garba: Tunda an shigo zancen mota. Ɗana ya dawo daga makaranta yana ce min wai motar da ke tafiya da gudu ɗaya a miƙaƙƙen titi, a ce 100 a kan hanyar Kano zuwa Zariya, wai jimillar ƙarfin da ke kanta sifili ne. Na ce masa in sifili ne, man da nake saya ina yake tafiya?

Malam_Habu: Alhaji Garba, yaron ya yi karatu. Rizoltan ba shi ke sa abu tafiya ba, shi ke sa tafiyar ta canja, ko gudu ya ƙaru, ko ya ragu, ko a sauya alkibla. F = ma ke nan: F rizoltan, m nauyin abu (mass), a kuma saurin canjin gudunsa. Injinka na tura motar gaba, iska da gogayyar taya da titi suna ja baya. In ka riƙe allura a kan 100 ba ta hawa ba ta sauka, to turawar da jan baya sun yi kunnen doki. Man naka yana ƙonewa ne wajen biyan iska da titi. Ɗaga ƙafarka daga totur, turawar ta tafi, jan baya ya rage shi kaɗai, motar ta fara rage gudu.

Direba_Garba: To Malam. Na ji amma har yanzu kaina bai ɗauka ba, a ce abu na gudu kuma a ce sifili. Zan dai ƙyale yaron.

Hafsat_ABU: Baba Garba ba kai kaɗai ba ne, a aji ɗaya na jami'a ma ana samun masu faɗuwa a kan wannan.

Malama_Rabi: Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan babin ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada, amma yara da yawa har su gama sakandare ba su taɓa ganin sa da ido ba. Na koyar a wata makaranta da allon gwajin ƙarfi yake kulle a sito, ba a fito da shi sai jarrabawa ta zo. Alhali sikeli mai sifirin guda uku, zare, farar takarda, rula da furotirakta sun wadatar. A ƙulla zare uku wuri ɗaya, yara uku su ja har ƙullin ya tsaya cak, a karanta sikelin, a zana alkiblar zaren a takarda. A zana faralelogiram da biyu daga ciki, santimita ɗaya a madadin 1 N. Layin da ya ratsa shi daga ƙullin zuwa kusurwar da ke fuskantarsa zai fito daidai da na ukun a tsawo, amma yana kallon kishiyar alkiblarsa. Na ukun nan shi ne ikwilibiran, kuma ana yawan rikita shi da rizoltan a jarrabawa: girmansu ɗaya, alkiblarsu kishiyar juna.

Ummi_SS2: Na gode ƙwarai Malam Habu, Malama Rabi, da kowa da kowa. Na zana, na ga 120° ɗin da idona. Saura abu ɗaya: tambayar ta ce a faɗi girma da alkibla. 12.2 N ɗin girma ne. Alkiblar fa?

Sadiq_Tudunwada: tan α = Q sin θ a kan P + Q cos θ, α ita ce kusurwar da ke tsakanin rizoltan da P. Wata dokar ce, ita ma ki haddace.

Malama_Rabi: Ka gani ko Sadiq? Dubi abin da ka rubuta. Q sin θ shi ne 5.2 ɗina, P + Q cos θ shi ne 11 ɗina. Dokar taka tsagawar ce aka dunƙule. Ummi, raba 5.2 da 11 ki samu 0.47, ki nemi kusurwar da tan ɗinta ke nan, kusan 25.3°. Kuma kada ki rubuta 25.3° ki yi shiru. Ki ce daga ƙarfin 8 N aka auna. In daga na 6 N ne, 34.7° ce. Haka kuma kada ki bar 12.2 tsirara babu N, ana rasa maki a kan wannan.

Injiniya_MB: Nan ma akwai gwajin ido: rizoltan kullum ya fi jingina ga wanda ya fi ƙarfi. Rabin 60° shi ne 30°, to tunda 8 ta fi 6, dole kusurwar da ke tsakaninsa da 8 N ta gaza 30°.

Malama_Rabi: Ga na gwaji ga masu so. Ƙarfi uku a kan abu ɗaya: 20 N a 30° sama da gabas, wato an karkata wajen arewa, 10 N yamma, 5 N kudu. A kawo girma da alkibla. Sadiq, ina jiran dokar da za ka haddace wa wannan.

Issoufou_Damagaram: Kwance: 17,3 − 10 = 7,3. Tsaye: 10 − 5 = 5. Na samu 8,9 N, kusan 34° daga gabas zuwa arewa.

Sadiq_Tudunwada: Ni ma 8.9 na samu Malama, kuma da dokata. Na fara haɗa 10 da 5 da Faisagoras, sannan na nemo kusurwar da ke tsakanin abin da ya fito da 20 ɗin, na sake sa kosain. Ya ɗan ɗau lokaci amma ya fito.

Malam_Habu: Duka biyun sun yi. Sai dai Issoufou, a takardar WAEC in aka ce a ba da amsa a matsayin biyarin, daga arewa ake aunawa ana bin hannun agogo, kuma da lamba uku ake rubutawa. 34° ɗinka daga gabas za ta koma 056°.

Nura_Kalkuleta: Malam to in tambaya ta ce ƙarfi yana kan 030°, kason gabas ɗinsa sin ne ko cos? Don a littafinmu wani wurin na ga sin, wani wurin cos.

Malam_Habu: Cos na bin layin da kusurwar ta jingina da shi. A 030° daga arewa aka auna, to arewa ce ke da cos, gabas ta ɗauki sin. A tambayar Malama Rabi daga gabas aka auna 30° ɗin, shi ya sa gabas ta ɗauki cos. Zana guda biyun gefe da gefe ka turo hoto in duba maka bayan sallar isha'i.